Masu motocin gas, ku daina bari ana cire muku hita da tamostat

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana da 'yan uwana masu tsofaffin motocin gas, wato masu shan dizal, da kuma makanikai da 'yan rewaya na nan jihar Kebbi, tunda ga hunturu ya kankama, kuma duk shekara in ya shigo ɓarna iri ɗaya ake maimaitawa. Ni tsohon mai gyaran tarakta da injinan ban ruwa ne, na aje aiki, yanzu sai ɗan noman shinkafa da zaman gareji wajen yaran da sunka koyi aiki a hannuna, to abin da ido ke gani ne ya ishe ni har na ce bari in rubuto.

Mota za ta baro Jamus ko Beljiyam da kayanta cif, ta sauka, ta iso Birnin Kebbi ko Jega ko Argungu, kafin ta shekara an cire mata tamostat, wato ɗan abin da ke daidaita zafin inji, an wurgar, an toshe tiyon hitar cikin gida, an haɗa fanka dairek, hitar tada inji kuwa ran da ta mutu shi ke nan ba mai sake waiwayarta. In ka tambayi dalili amsar kullum guda ce, "Alhaji ai wannan kayan ƙasar sanyi ne, nan Kabi mi za ka yi da hita, garin da ake digiri 42 a watan Afrilu." Mai mota ya gyaɗa kai don maganar ta yi kama da ta hankali. Ni kuwa ina cewa wagga magana ta kashe injina da yawa a jihar nan fiye da ramukan hanya, kuma zan faɗi dalilina dalla-dalla, wanda bai yarda ba shi ma ya rubuto.

Mu fara da hitar tada inji, wadda ke sa wata 'yar fitila mai kamar naɗaɗɗiyar waya ta kama a dashbod in ka murɗa makulli. Injin gas ba shi da fulogi mai ba da tartsatsi irin na fetur. Iska zalla yake shaƙa, fistan ya matse ta har ta koma wajen kashi 1 cikin 20 na girmanta, matsin ne ke sa ta yi zafi ya haura digiri 500, sai nozul ta fesa gas ya kama da kansa. To da asuba cikin Disamba ko Janairu, lokacin da sanyi kan sauko wajen digiri 14 ko 15 kuma motar ta kwana a waje cikin hazo, ƙarfen injin ya yi sanyi ƙalau, zafin da matsin ya kawo sai ƙarfen ya shanye shi kafin gas ya kama. Aikin hita ke nan, wani ɗan siririn ƙarfe ne a kan kowace silinda, bakinsa na yin ja zur cikin 'yan daƙiƙu, zafinsa ya kai digiri 850 zuwa 1000, gas ɗin farko ya taɓa shi ya kama. Tsofaffin injina irin na Marsandi 200D da 240D, da Fijo 504 da 505 ta gas, da 405 da 406 mai 1.9 wadda ba HDi ba, da Golf 2 da 3 na gas mara TDI ko SDI, da Hilux ko Hiace mai injin 2L, 3L ko 5L, duk a wani ɗan ɗaki na gefe nozul ke fesa musu mai ba kan fistan kai tsaye ba, su waɗannan ko ba hunturu suna son hitarsu da safe, balle kuma inji ya tsufa ringi ya saki matsi ya ragu. Injinan baya-bayan nan masu fesa mai kan fistan kai tsaye, su TDI da HDi da D-4D, sun fi haƙuri, shi ya sa masu su kan shekara da mataccen hita ba su sani ba sai sanyi ya tona.

Ka je kowace tasha bayan an sallame sallar asuba ka tsaya ka kalla. Direba na ciki ya naɗe kai da rawani yana murza makulli, kik na ta gur gur gur, farin hayaƙi na fita salansa yana yaji a ido, fasinjoji sun takure da buhunansu suna jira. Can sai yaron mota ya buɗe bonet, ya zare tiyon iska, ya jiƙa tsumma da fetur ya kara a baki, wani ma gwangwanin maganin sauro zai ɗauko ya yi ta fesawa, sai ka ji inji ya ɗauka da ƙwal ƙwal ƙwal mai ƙarfi, motar ta girgiza, kowa ya ce alhamdu lillahi ta tashi. Ni wannan ƙarar har cikin haƙorina nake jin ta. Fetur da abin feshi suna kamawa tun fistan bai gama hawa ba, wutar ta doke shi yana kan hanya, ringi ya tsage, kan fistan ya ci, wani lokaci har kwanrod, wato sandar da ke riƙe da fistan, ya lanƙwashe, kuma in akwai sauran hita guda mai rai tana iya kunna abin tun yana cikin bututun iska ya fashe a fuskar yaron. Mota in ta saba da haka ba ta sake tashi sai da shi, ba wai don ta kamu da jaraba ba kamar yadda direbobi ke raha, don matsin ne ya ƙara lalacewa. Turi ma da ake gani kamar ba komai, a injin gas mai taimin bel fizgar nan da ake yi in an saki kuloci tana iya sa bel ya tsallake haƙori, bawul ya gamu da fistan.

Alhali gane inda matsalar take ba wuya, hayaƙi ma kawai ya isa ya nuna maka hanya. In tana wahalar tashi da safe kaɗai, tana fidda farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas, in ta tashi ta yi ta rawa na minti ɗaya ko biyu sannan ta daidaita, kuma duk yinin nan bugu ɗaya take tashi, to ka nufi hita. In kik na juyawa da kyau amma ko ɗigon hayaƙi babu, mai ne bai isowa, ko iska ta shiga layi ko filta ta toshe ko ƙananan tiyon nan na kan nozul sun tsattsage mai na komawa tanki cikin dare, masu Fijo su matsa 'yar robar nan ta hannu har ta yi tauri su gwada, in ta tashi nan take ka san ba ruwan hita. In kuwa da sanyi tana tashi lafiya sai ta yi zafi ka kashe ta a gidan mai ta ƙi tashi, wannan ka duba injekta fam ko kik, kada wani ya sa ka sayi hita huɗu a banza. Sai masu cewa wai gas ne ke daskarewa cikin hunturu, a'a, sanyinmu na nan bai kai ya daskarar da gas ba, wancan sai ƙasashen da ake ƙanƙara.

Gwajin kansa ɗan rewaya mai natsuwa zai gama shi kafin shayinka ya huce. Ya fara da fis, babba ne don kowace hita na jan amfiya 10 zuwa 15 ko fiye a farkon kamawa, sannan rile, wato makunnin da ke sakar wa hita wuta, ka murɗa makulli ya saurara ko zai ji ƙas, ya sa gulob ɗin gwaji a kan wayar ko ƙarfen da ya haɗa kawunan hitocin ya ga ko wuta na zuwa kuma daƙiƙa nawa take yi. In wuta na zuwa sai ya kwance wannan ƙarfen don kowace ta tsaya ita kaɗai, ya maƙala gulob a kan fositif na batir, ya riƙa taɓa kan kowace hita da ɗaya bakin, wadda gulob ya kama tana da rai, wadda bai kama ba ta tsinke a ciki. Mai mita ya fi samun gaskiya, in ya auna turjiyarta ga wuta lafiyayya kan nuna wajen om 1, ƙasa kaɗan ko sama kaɗan. Fitilar dashbod ta kama ta mutu ba ita ce shaidar hita na aiki ba, a motoci da yawa za ta yi abinta ko duk huɗun sun ƙone. Tsohuwar Marsandi ta kafin 1980 ma nata a jere anka haɗa su, guda ta ƙone duka sun tsaya. Masu Sharan da Golf na TDI kuma in kun ga fitilar hita na ƙyaftawa kuna cikin tafiya, ba lallai hita ba ce, kwamfutar motar ce ke cewa akwai matsala a wani wuri, sau da yawa ma ɗan makunnin fitilar birki ne da ke saman feda ya mutu, a sa kwamfuta a karanta kafin a fara kwance-kwance.

Ga wani abu da nake roƙon 'yan rewaya don Allah. Al'adar nan ta zare hita a ɗora ta kan batir a ga ko za ta yi ja, ta yi daidai ga tsofaffi masu cin wuta mai ƙarfin bolt 11 ko 12, amma motocin baya-bayan nan da yawa hitarsu ta bolt 4.4 ce ko 5 ko 7, kwamfuta ke auna mata wuta, ka ba ta batir kai tsaye ka ƙone sabuwa fil a hannunka, sannan ka ce wa mai mota jabu anka sayar masa. Ku karanta abin da anka rubuta a jikinta. Kuma wajen kwancewa a bari inji ya ɗan yi ɗumi, a zuba man sassauta tsatsa ya jiƙa, a bi ta a hankali gaba da baya, don siririya ce, in ta karye a ciki aikin awa ɗaya ya koma na sauke kan silinda. In ka zaro ta ka ga bakin ya narke ko ya gutsure, kada ka sa sabuwa ka rufe, nozul ɗin wannan silindar na ɗiga ko taimin ya goce, sabuwar ma haka za ta ƙare. Wasu kuma in rile ya mutu sai su ja waya su sa maɓalli na hannu, ba laifi in mai dannawa ne da ke sakin kansa, amma na kunnawa a bari, ranar da direba ya manta da shi a kunne hitocin duka sun tafi, batir ya bi su.

Batir ɗin ma a faɗe shi a wuce. Injin gas na son babba, mai amfiya-awa wajen 75 zuwa 100, ba na ƙaramar motar fetur ba, cikakke ya nuna bolt 12.6 a mita, in ana bugawa kada ya faɗi ƙasa da wajen 10, in mota na aiki caji ya nuna 13.8 zuwa 14.4. Kik mai jan ƙafa ba ya tada gas komai kyan hita. Kuma a daina riƙe makulli har kik ya yi wari, daƙiƙa 10 zuwa 15 ka saki ya huta.

Yanzu tamostat, inda ni da yarana muke ta musu har gobe. Mu manoman fadama mun san ƙofar ruwa a bakin kwalbati, ba ka barinta buɗe dare da rana don wai shinkafa na son ruwa, buɗewa kake ka rufe gwargwadon buƙata. Tamostat ke nan. In inji na da sanyi ya rufe hanyar lagireto, ruwa ya yi ta zagaya cikin inji har ya yi zafi da wuri, in ya kai digiri 82 zuwa 88, gwargwadon irin motar, ya buɗe. Wanda ya ƙera injin a wannan zafin ya auna komai, faɗin fistan, kaurin baƙin mai, yadda gas zai ƙone. Ka cire shi, da safen hunturu daga Birnin Kebbi har ka wuce Kalgo ka kai Jega allurar zafi na kwance ƙasa, direba na murna wai motarsa sanyi gare ta, bai san gas ba ya ƙonewa duka ba, saura na wanke man da ke jikin silinda yana gangarawa cikin baƙin mai, baƙin ya tsinke, toka ta taru a ringi da bawul, shan mai ya ƙaru, kuma gas ɗin nan kowa ya san tun 2022 da kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo bai dawo inda yake ba. A mota mai kwamfuta abin ya fi muni don ita a ganinta har yanzu inji bai yi zafi ba, haka za ta yi ta lissafin mai.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne cirewar ba ta ma maganin zafin da anka cire shi dominsa. A injina da yawa tamostat baki biyu gare shi, in ya buɗe hanyar lagireto a lokaci guda yana rufe wata gajerar hanya da ruwa ke bi ya koma inji, to in babu shi wannan gajerar hanyar na nan buɗe, rabin ruwan ba ya ma zuwa lagireto, sai ka ɗauko lodin albasa daga Aliero cikin zafin Maris ka ga allura ta haye ja alhali an rantse maka an yi maganin abin. Mota in tana ɗaukar zafi akwai dalili. Ko lagireto ya toshe daga ciki, ko ƙura da ƙaiƙayin shinkafa sun liƙe tsakaninsa da na esi mai sanyaya cikin mota har iska ba ta ratsawa, wannan kam duk mai shiga gonaki lokacin girbi ya leƙa da tocila zai sha mamaki, ko marfin lagireto ya saki, ko kulocin fanka ya mutu tana juyawa ba ƙarfi, ko wata fam, wato famfon da ke tura ruwa, ya ci, wasu na Volkswagen ma farfelarsu ta roba ce takan kwance daga sandarta, daga waje lafiya lau a ciki ba ta tura komai. Marfin nan da ake rainawa har a ɗaure bakin da leda, shi ke riƙe matsi wajen 1 ko sama da haka a ma'aunin matsi na bar, wanda ke sa ruwa ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Tamostat ɗin kansa in ana zarginsa a jefa shi cikin ruwan zafi a kan wuta, in ya buɗe kafin ruwan ya tafasa lafiyarsa lau, in ya ƙi a sayi wani, ba a bar ramin fayau ba.

Hitar cikin gida kuma, wadda ke busa ɗumi ga fasinja, wani ɗan ƙaramin lagireto ne a ɓoye bayan dashbod, tiyo biyu ke ratsa bangon da ke tsakanin inji da direba su kai masa ruwan zafi su dawo da shi. Na san za a ce wannan kam ai jin daɗi ne. To wanda ya taɓa tasowa daga Yauri ko Zuru da ƙarfe biyar na asuba cikin Janairu, ko ya bi gefen fadamar Argungu da sassafe gilas ya yi gumi daga ciki mutum goma na numfashi a mota, direba na tuƙi da hannu ɗaya yana goge gilas da hularsa, ya san ba jin daɗi ba ne kawai. Da damina ma haka. Ɗumin nan ne ke busar da gilas. Kuma ranar da allura ta fara hawa kana tsakiyar daji inda ba ka son tsayawa, ka kunna hita har ƙarshe ka sauke gilasai, za ku sha zufa amma tana janye zafi daga inji har ka kai gari.

In ta daina ɗumi, bari inji ya yi zafi ka taɓa tiyon nan biyu a hankali. Duka biyun da zafi amma iska mai sanyi ke fitowa, matsalar na ga ƙofar da ke juya iska a cikin dashbod ko wayarta ta zame. Ɗaya zafi ɗaya sanyi, ta toshe da laka ko iska ta maƙale, a zare tiyon biyu a tura ruwa ta baya a hankali har ya fito fari. Duka biyun ɗumi-ɗumi kawai kuma allura ba ta hawa, ka tambayi makanikenka ina ya kai tamostat. Fanka ba ta juyawa sai a lamba ta ƙarshe, ɗan rezisto ne ya ƙone. In ka ji wani wari mai zaƙi-zaƙi, kafet ɗin gaba ya jiƙe, gilas na yin wani maiƙo, to ta huje. Kuma hita da ta yi sanyi farat ɗaya kana cikin gudu, ka tsaya nan take, sau da yawa ita ce ke fara gaya maka ruwa ya ƙare tun allura ba ta motsa ba, wanda ya toshe tasa ya rasa wannan gargaɗin.

Na yarda canza ta aiki ne, a wasu motocin sai an sauke dashbod gaba ɗaya, kuma ba kowa ke da kuɗin a lokacin ba. In dole ta sa a kewaye ta, a haɗa tiyon biyu da juna da lanƙwasasshen bututu mai kyau da kilif, ruwa ya ci gaba da zagayawa. Abin da na gani a wata 406 da anka kawo garejin yarana, tsohon fulogin babur anka cusa a tiyo ɗaya, ɗayan kuma guntun icen dogon yaro anka fiƙe anka tura anka ɗaure da wayar taya, icen ya jiƙa ya ruɓe, ya fita a hanyar Koko, ruwa ya zube tas, gasket ya ƙone, kan silinda ya bankare. Mai motar malamin makaranta ne, ya sayar da buhunan shinkafar da ya aje don azumi kafin motar ta sake hawa titi. Masu Sharan su ma su leƙa ƙarƙashi, da yawansu akwai dogayen bututun ruwa da ke tafiya har baya don hitar fasinjojin baya, ga kuma wata ƙaramar hita mai ƙona gas da kanta a ƙarƙashin motar, gishirin da ake zuba wa titunan Turai lokacin ƙanƙara ya riga ya ci bututun nan tun can, sai ka ga mota na shan ruwa kullum an duba gaba ba a ga komai ba, ashe ta baya take zubarwa.

Duk wannan toshewa da hujewa kuma ruwan da muke zubawa ne. Ruwan rijiya, ruwan bohol, na gulbi, wani ma na kwata in ta ƙure, ya tafasa ya bar farin dutse da jar tsatsa a cikin ƙananan hanyoyi, kuma hanyoyin hitar cikin gida sun fi na ko'ina ƙanƙanta shi ya sa ita ke fara mutuwa. Ruwan kulan mai launi da ake sayarwa a galan ba don hana daskarewa kaɗai anka yi shi ba, akwai maganin tsatsa a ciki kuma yana ɗaga zafin tafasa. In mai kauri ne a haɗa shi rabi da rabi da ruwan batir, wato tataccen nan ba asid ba, a canza irin na da duk shekara 2, kada a gauraya kore da ja. Su omo da garin barkono da ɗanyen ƙwai da ake zubawa wai don wanki ko toshe yoyo, ƙwan zai toshe yoyon ya toshe hita tare da shi. A kiyaye kulan daga yara da awaki, zaƙi gare shi kuma guba ne. Kada a buɗe marfi inji na da zafi, na ga bayan hannun da ya saluɓe saboda haka. Sai direbobin manyan motoci masu kwana a hanya, don girman Allah kada a shiga da kaskon garwashi cikin mota a rufe gilas, hayaƙinsa ba wari ba launi, barci mutum zai yi ya zarce.

Sauran kula da motar gas sananne ne ba sai na ja ba. Baƙin mai 15W-40 na gas ga tsofaffin nan, a ƙurarmu kada ya wuce kilomita 5,000, da filtarsa. Filtar iska cikin hunturu a riƙa kakkaɓe ta, in ta gaji a canza, baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi sau tari ita ce ba nozul ba. A ƙasan filtar gas akwai ɗan abin murɗawa na zubar da ruwa, mutane da yawa ba su taɓa taɓa shi ba. Gas ɗin jarka na 'yan bumburutu wanda ba ka san ko an sirka da kananzir ba, tsohuwar Marsandi za ta haɗiye ta yi gyatsa, amma HDi ko D-4D mai matsin mai da ya haura bar 1,300, gas ɗin ne man shafawar famfonta, kananzir na shiga sai ci. Wanda injin motarsa ke da tabo (turbo) in ya sha gudu ya bar ta minti ɗaya ko biyu a silo kafin ya kashe. Taimin bel na Hilux mai 2L, 3L ko 5L kilomita 100,000 ne, har fitilarsa gare shi a dashbod, ba a kashe fitilar a ci gaba da tafiya.

Mai shirin sayen ta hannu kuma, ko ta Kwatano ce ko wadda anka yi amfani da ita a nan gida, ka ce da dillali da asuba za ka zo, ka riga kowa isa, ka ɗora tafin hannunka a kan inji ka tabbata ba a ɗumama maka ita ba, don dillali mai wayo tun kana alwala ya tada ta. Kai za ka murɗa makulli da kanka, wani ya tsaya bayan salansa. Ka buɗe marfin ruwa tun da sanyi ka ga launinsa, in ta tashi ka duba ko kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, ka duba ƙarƙashin marfin baƙin mai ko ya yi fari-fari, ka bi tiyon hita biyu da ido ka ga ko sun shiga bango ko an naɗe su. Lambar kilomita ta dashbod kada ka ba ta amana, ka ɗauka bel bai taɓa canzuwa ba ka sa kuɗinsa da na wata fam da tamostat cikin cinikin tun farko.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA da na direbobi ta NURTW a jihar nan su haɗa kai da malaman sashen injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, a riƙa shirya wa yaran gareji bita ko ta yini biyu ce kafin shigowar sanyi, da Hausa, da inji a gabansu da mita a hannunsu, don yaran nan suna da kai, abin da sunka tarar ogansu na yi ne kawai suke yi. Kai kuma Malam Edita, da za ka ware mana ɗan shafi na tambaya da amsa kan gyaran mota da injin ban ruwa ko sau ɗaya a wata, akwai tsofaffin hannu a Gwandu da Yauri da Kamba da za su amsa ba ko sisi.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya tsare matafiya.

Wassalam.

Naku mai karatu,
tsohon makaniken tarakta, daga Jega, jihar Kebbi.